Yadda Ake Haɗa Ajinka Da Na Wata Ƙasa Ta Intanet Don Ɗalibai Su San Juna

Yawancin ɗaliban da muke koyarwa a jami'a za su gama digiri su wuce ba su taɓa yin hirar minti talatin da sa'ansu na wata ƙasa ba, abin da suka sani game da mutanen waje daga fim ne da TikTok da labarin yaƙi, su ma na can abin da suka sani game da mu kenan, maganar a ɗauki ɗalibi a kai shi wata ƙasa ya yi semista ɗaya ya dawo kuwa ai kowa ya san kuɗin jirgi da wahalar biza, a aji mai mutum ɗari biyu in ɗaya ya samu zuwa an yi sa'a. Toh akwai hanyar da za ka haɗa ajinka kacokan da na wani malami a wata ƙasa su yi karatu tare na wasu makonni kowa yana garinsu. A harkar jami'o'i ana ce mata COIL, Jami'ar Jihar New York ce ta buɗe mata cibiya a 2006, kafin nan ma ƙungiyar Soliya tun 2003 take haɗa ɗaliban Amurka da Turai da na ƙasashen Larabawa da Musulmi suna tattaunawa ta bidiyo, Tarayyar Turai kuma ta gwada nata a ƙarƙashin shirin Erasmus+ daga 2018.

Amma fa malamai 'yan uwana ku riƙe wannan tun yanzu: tara yara a Zoom suna kallon juna ba ya sa su fahimci juna, wani lokacin ma raini yake ƙarawa. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Gordon Allport, tun a 1954 ya yi bayanin cewa cuɗanya tana rage ƙyamar juna ne idan an haɗu a matsayi ɗaya ba wani a saman wani ba, akwai buri ɗaya, ana aiki tare ba gasa ba, kuma shugabanni sun goyi baya. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan na ɗora su.

Mataki na farko: nemo malami ɗaya, ba jami'a ba

Kada ka fara da ofishin shugaban jami'a da takardar yarjejeniya, wannan sai ta shekara a kan tebur. Mutum ɗaya kake nema wanda yake da aji kuma yake amsa saƙo. Duba cikin waɗanda kuka yi digiri na biyu ko na uku tare a Malesiya ko Masar ko Indiya ko Ingila, ko wanda kuka haɗu a taron ƙara wa juna sani kuka yi musayar imel. In a sashen harsuna kake ma abin ya zo maka da sauƙi, don ana koyar da Hausa a Jami'ar Warsaw ta Poland da Hamburg ta Jamus da makarantar koyon harsuna ta INALCO a Paris da jami'ar koyon harsunan waje ta Beijing, kuma ɗalibansu ba abin da suke nema kamar wanda za su yi magana da shi.

Ni dai in karon farko ne shawarata kada ka yi nisa. Malamin da ke Kano ko Katsina ko Sakkwato ya duba Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko André Salifou ta Damagaram, ko Djibo Hamani ta Tawa, ko Abdou Moumouni ta Yamai, na Nijar shi ma ya dubo kudu. Wani zai ce ai duk mu ɗaya ne me za a koya? Gwada ka gani. Ɗaya ya yi boko da Turanci ɗaya da Faransanci, ɗaya makinsa a kan 100 ɗaya a kan 20, tarihin da aka koya musu a makaranta daban, kuma kowannensu yana ɗauke da wasu maganganu a kan ɗayan da ya gada bai taɓa bincikawa ba. Ga agogo ɗaya, ga Hausa da za a koma mata in Turanci ko Faransanci ya ƙare.

Ba dole fanninku ya zama ɗaya ba, mai koyar da aikin jarida zai iya haɗuwa da mai koyar da noma, wallahi wani lokacin haka ya fi armashi don kowane ɓangare yana da abin da ɗayan ba shi da shi. Kafin ka sako ɗalibai ku yi waya ta bidiyo kamar sau uku ku biyu, da irin wayar da sabis ɗin da yaran za su yi amfani da su. Idan mutum sai ya yi kwana goma kafin ya amsa maka saƙo tun yanzu toh ka haƙura da shi cikin mutunci, a tsakiyar semista ba zai canza ba. Kuma ku yi magana ƙarara a kan abu ɗaya musamman idan abokin naka daga ƙasa mai arziki yake: ɗalibanka ba abin nazari ba ne, ba za a zo a yi ta yi musu tambaya kan talauci da Boko Haram su kuma ba su tambayi kowa komai ba. Duk tambayar da aka yi wa wannan ɓangaren sai an yi wa wancan. Bayan kun daidaita sai ka sanar da shugaban sashenka a rubuce, shafi ɗaya ya isa.

Mataki na biyu: kalanda da agogo

Nan ne yawancin irin wannan shirin yake mutuwa. Ku ajiye kalandar jami'o'in biyu gefe da gefe ku ware makonni shida zuwa takwas da duk kuna cikin karatu, ku cire makon rajista da makon tes da jarrabawa, ku duba azumi da Sallah da Kirsimeti da Ista. Ka gaya wa abokinka gaskiya game da yajin aiki, ASUU ta yi na wata tara a 2020 ta yi na wata takwas a 2022, saboda haka ku yanke tun farko cewa in an rufe makaranta me za a yi, a ci gaba ta waya da waɗanda suka yarda ko a ɗage.

Agogon Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi ɗaya ne. Gana tana bayanmu da awa ɗaya, Sudan tana gabanmu da awa ɗaya, Malesiya da awa 7, wato ƙarfe 9 na safe a nan ƙarfe 4 na yamma ne a can. New York tana bayanmu da awa 6 lokacin sanyinsu, awa 5 lokacin zafi, don suna canza agogo a watan Maris da Nuwamba, Turai ma suna canzawa a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, in ba ka lura ba wata rana za ku shiga aji ku tarar ba kowa. Kullum a rubuta lokaci da agogon garuruwan biyu. A kauce wa lokacin azahar da la'asar da ranar Juma'a da rana, da safiyar Lahadi saboda ɗalibai Kiristoci, in da Masar ne kuma hutun mako Juma'a da Asabar ne.

Mataki na uku: tsara komai a kan ɗalibin da ya fi kowa ƙaramar waya

Raba 'yar takarda a aji ba tare da suna ba: kana da babbar waya? taka ce ko aro kake? a ina kake caji? data ta nawa kake iya saye a mako? Amsar da ka samu ita za ta gaya maka irin ajin da za ka iya yi, ba abin da abokinka yake da shi a ofishinsa ba. Bidiyon awa ɗaya a Zoom zai iya lashe kusan giga guda, murya kaɗai kuwa ɗan kaɗan take ci. Don haka haɗuwa kai tsaye sau uku ta isa, farko da tsakiya da ƙarshe, sauran aikin duk a yi shi ta hanyar da kowa zai shiga lokacin da ya samu wuta da sabis, wato saƙon murya da hoto a guruf, da rubutu a Google Docs wanda kowa zai iya sa hannu a takarda ɗaya.

Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40, Google Meet na kyauta awa ɗaya yake ba jama'a, sai ka tsara zaman ya dace da haka ko ka ce abokinka ya buɗe da akawun ɗin jami'arsu in suna da shi. In da China kuke yi, WhatsApp da Google ba sa aiki a can, ku daidaita kan wata manhaja tun kafin a fara.

Za ka ji sha'awar tara kowa a babban ɗakin lacca da majigi da lasifika ɗaya. Ya yi a zaman buɗewa, amma kada ya zama shi ne tsarin, don abin da na can za su gani taro ne na kawuna daga nesa, mutum biyu masu baki su yi ta magana sauran suna gyangyaɗi. Gara mutum biyu ko uku su zagaye waya ɗaya a wani lungu mai sabis.

Sai maganar lambar waya, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce. Guruf ɗin WhatsApp yana nuna lambar kowa, ɗalibai mata da yawa ba za su saki jiki ba in sun san wani zai iya bin su ta bayan fage da daddare. Ko dai ku yi amfani da Telegram inda ake iya ɓoye lamba, ko manhajojin aji irin su Google Classroom ko Moodle, ko kuma a kafa doka a rubuce cewa ba mai tura wa wani saƙo shi kaɗai sai da izini, wanda ya karya a cire shi. Kunna kyamara kada ya zama dole, wata mijinta ko gidansu ba za su yarda ba, wani kuma ba ya son a ga ɗakin da yake kwana.

Mataki na huɗu: harshe

In an ce komai da Turanci za a yi kuma ɓangare ɗaya harshen uwarsu ne, toh an riga an ɗora wani a kan wani. Akwai dabarar da wani shiri mai suna Cultura ya fara a jami'ar MIT ta Amurka a 1997 tsakanin ɗaliban Amurka da na Faransa: kowa ya rubuta da harshen da ya fi iyawa, ɗayan ya yi ƙoƙarin karantawa. Za ka iya aro wannan, a rubuce kowa ya yi da nasa a taimaka da manhajar fassara da 'yan aji, a baki kuma a yi a hankali, kuma a hana gyara wa mutum nahawu yana tsakiyar magana. Tsakanin Najeriya da Nijar kuwa ku bar su su cakuɗa Hausa da Turanci da Faransanci yadda ya zo musu, amma ka tuna ba kowane ɗalibin Yamai ne Bahaushe ba, akwai Zabarmawa da Buzaye da Barebari da Fulani, kamar yadda ajinka ma akwai wanda ba ya jin Hausa sosai.

Mataki na biyar: raba rukuni da makonni biyun farko

Mutum huɗu zuwa shida, rabi daga nan rabi daga can, kai za ka raba ba su ba don kada aminai su dunƙule waje ɗaya. Kowane rukuni da mai tunatar da lokaci da mai rubuta abin da aka yanke, a riƙa juyawa duk mako. In ajinka mutum 200 ne na abokinka 30, kada ka tura duka, ɗauki daidai adadinsu sauran su jira zagaye na gaba.

Makonni biyun farko ba karatu, sanin juna ne kawai, kuma kada ka ga kamar ɓata lokaci ne. Kowa ya turo saƙon murya na minti biyu: sunansa da yadda ake faɗinsa, sunan wa ya ci, da yadda yake so a kira shi. Sai hoto ɗaya na abin da ya karya da shi yau ko hanyar da yake bi zuwa lacca. Kada ka ce "ku gabatar da al'adunku", in ka faɗi haka abin da za ka samu hoton hawan Sallah ne da aka kwafo daga intanet, na can su ma su turo hoton wani dogon gini, ba wanda ya san kowa. Kofin koko da ƙosai a leda a kan benci ya fi jawo tambaya ta gaskiya.

Ka shirya yaranka kafin zaman farko. Ka gaya musu za su iya jin ɗalibin Amurka ya kira malaminsa da sunansa gatsau ba ko "Malam", ba rashin kunya ba ne a wajensu, abokinka shi ma ya gaya wa nasa cewa in an ce musu ina kwana, ya gida, ya karatu, ya sanyi, ba jan lokaci ake ba, kuma ɗalibar da ta sunkuyar da kai tana magana ba ƙarya take ba. Ranar zaman kuma ka sa ran shiru, skirin cike da baƙaƙen akwatuna kowa ya kashe makirfo, can sai ka ji ƙarar janareta wani ya ce "kuna ji na?" sau uku sabis ya ɗauke shi. Kada ka cike shirun da lacca. Gaisuwa ta minti biyar, sai ka watsa su ƙananan ɗakunan hira na cikin Zoom rukuni-rukuni da tambaya ɗaya mai sauƙi a hannu, misali wa yake yanke shawara a gidanku in za a sayi babban abu, ka bar su minti ashirin kada ka leƙa.

Mataki na shida: aikin da ba zai yiwu ba sai da ɗayan ɓangaren

Wannan shi ne zuciyar abin. In aikin da ka bayar na nan za su iya gama shi su kaɗai su liƙa sunayen na can a ƙasa, haka za su yi. Sai ka ƙirƙiro wanda rabin bayanin yana hannun kowane ɓangare.

Ɗauki misalin Kano da Maraɗi. Ka ce kowane rukuni ya bi buhun gero ɗaya daga gona zuwa tukunya a garuruwan biyu. Na Kano su je Dawanau su tambayi farashi da ma'auni da inda kayan ya fito, na Maraɗi su shiga tasu kasuwar su yi haka, kowa ya yi hira da ɗan kasuwa ɗaya da uwar gida ɗaya, da izininsu. Da sun dawo za su haɗa lissafi dole su yi ta tambayar juna, kwanon awonku daidai yake da namu? naira nawa ce jikar sefa yau, a banki ko a bakin kasuwa? Ɗan Kano zai ji an ce dala ɗari biyu ya zaro ido sai an zaunar da shi an nuna masa cewa a can da dala ake ƙirga kuɗi, kowace ɗaya sefa 5. Daga nan hira za ta kai su ga rufe iyaka da aka yi bayan juyin mulkin Yulin 2023 da yadda kowane gida ya ji a jikinsa, kuma za su ji shi daga bakin wanda ya zama abokin aikinsu ba daga masu zagin juna a Facebook ba.

In da Turai ko Asiya ne, ga irinsa: yadda ake kula da tsoho a gida, yadda ake zubar da shara a unguwa, yadda ɗalibi yake samun kuɗin makaranta, yadda jaridun ƙasashen biyu suka ba da labari ɗaya a rana ɗaya. Abin da za su miƙa ya zama ƙarami kuma ɗaya tal ga rukuni, shafi uku ko rikodin na minti biyar, kuma a yanka shi gunduwa-gunduwa kowane mako da abin da za a nuna, in ba haka ba sai daren ƙarshe za ka ga ana ta kiran mutumin da ke barci a wata nahiya.

Mataki na bakwai: in magana ta yi zafi

Za ta yi, addini ko auren mace fiye da ɗaya ko Falasɗinu ko mulkin mallaka ko matsayin mata. Hana taɓa su gaba ɗaya ba shi ne mafita ba, amma a bari sai bayan mako na uku lokacin da aka san juna. Dokokin su zama kaɗan kuma ɗaliban su sa hannu wajen rubuta su: kowa ya yi magana da bakinsa ya ce "a gidanmu" ko "ni a ganina" ba "mu Musulmi" ko "ku Turawa" ba, ba wa'azi ba jan wani zuwa addini ko fita daga shi, ba ɗaukar hoton hira a kai waje, kuma kafin ka mayar da martani ka maimaita abin da ka fahimta mutumin ya faɗa ya tabbatar haka yake nufi.

Ka kula da barkwanci. Bakano da Bazazzagi ko Bafulatani da Babarbare za su iya yi wa juna tsiya a guruf suna dariya, baƙo yana karantawa ta manhajar fassara ya ɗauka faɗan ƙabilanci ne ya tsorata ya yi shiru. Kada ka hana, ka sa su yi bayaninsa, ai wasan nan na barkwanci tsakanin ƙabilu na Nijar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2014, darasi ne guda. In kuwa rikici na gaske ne, kowane malami ya ja nasa gefe ya ji ta bakinsa, kada ka tsawata wa ɗalibin abokinka, sannan ku biyu ku yi waya kafin a dawo da rukunin.

Mataki na takwas: zaman gida da maki

Bayan kowace haɗuwa ka ware minti goma sha biyar a ajinka ku kaɗai. A nan ne yaro zai ce "Malam wallahi mutanen nan ba su da tarbiyya", kai kuma ka ce me ka gani da idonka, me ka fassara shi, wace fassara ce kuma za ta iya yiwuwa, ka tambaye shi ko kuwa? In ba a yi wannan zaman ba ɗalibi zai iya fita da ƙyamar da ta fi wadda ya shigo da ita. Kowa kuma ya riƙa rubuta rabin shafi duk mako: abin da ya ba ni mamaki, abin da ya ɓata min rai, abin da na gano game da namu.

Maki dole ne, abin da ba maki ɗalibi ba ya ba shi data ɗinsa. Ka ware wani kaso daga makin aikin cikin semista, kowane malami ya duba nasa ɗaliban da tsarin jami'arsa, kada ku ce za ku haɗa maki ɗaya. Ka raba shi tsakanin aikin rukuni da rubutun mako da amsa wa abokan aiki a kan lokaci, ban da yawan magana a bidiyo ko kyan Turanci, don kada ka hukunta wanda sabis ya hana.

A zaman ƙarshe kowane rukuni ya gabatar da aikinsa mutum ɗaya daga nan ɗaya daga can, ka gayyato shugaban sashe ya gani da idonsa don shi zai taya ka neman kuɗin data a karo na gaba. A ba kowa takardar shaida mai sa hannun malaman biyu, in an yi rikodin a tambayi kowa kafin a ajiye ko a goge, a rufe guruf ɗin aji a hukumance, wanda yake son ci gaba da zumunci ya nemi izinin ɗan uwansa. Cikin mako guda kai da abokinka ku yi waya ku bi rukunan ɗaya bayan ɗaya, wanne ya yi aiki wanne ya mutu kuma a wane mako, ku rubuta, sannan ku buɗe kalandar semista mai zuwa ku sa rana.